Likitar Jojiya Ta Yi Matching

Assalamu alaikum. Kafin in shiga abin da ya faru ranar Litinin, bari in amsa wa baiwar Allahn da ta rubuto tana tambaya ko da gaske ni likita ce. 'Yar'uwa, tambayarki ba ta ɓata min rai ba. Shekara uku ke nan ana yin ta, wasu a gabana, wasu a kicin idan sun zaci na hau sama.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Tayyiba. A nan Maryland aka haife ni lokacin da Abbanmu yake karatu, aka mayar da ni Zariya ina rarrafe. Sau biyu na nemi gurbin karatun likita a gida ban samu ba. Sai wani ejan a Kaduna ya nuna wa Abba hoton wani dogon gini mai gilasai, ya ce a Jojiya yake, karatu da Turanci zalla, kuma duk wanda ya gama, Amurka da Ingila rububinsa suke yi. Jojiyar nan ba jihar Jojiya ta Amurka ba ce, wadda Atlanta take cikinta, ƙasa ce mai zaman kanta, tsakanin Rasha da Turkiyya, babban birninta Tbilisi. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani a gaba.

Da na isa, na tarar kusan duk 'yan ajinmu Indiyawa ne. Wadda muka yi ɗaki ɗaya da ita sunanta Divya, 'yar jihar Kerala. Ranar farko muka gano cewa abin da ejan ɗin Kaduna ya faɗa wa Abba, shi ejan ɗinsu ya faɗa wa babanta, kalma ba ta bambanta ba, har hoton ginin iri ɗaya ne. Lakca kam da Turanci ake yi. Amma tsohuwar da ke kwance a gadon asibiti ba ta san da wannan alkawarin ba, da yarenta za ta yi miki bayani. Jimlar da muka fara haddacewa ita ce "sad gtkivat", wato ina ne yake miki ciwo. Divya ta zo da tunanin tana gamawa za ta koma gida ta kafa allo a ƙofar asibiti, sai ta ji ashe can ma jarrabawa na jiran ta. 'Yan'uwanta kuma suna cewa duk wanda ya yi karatun likita a waje sayen takarda ya yi. Su da ejan duk ba su faɗi gaskiya ba. Karatun na gaske ne, mun sha wuyarsa shekara shida. Takardar kuma ƙofar farko kawai take buɗewa.

A Amurka ga yadda abin yake. Sai ka ci jarrabawarsu, an tantance takardunka, sannan ka nemi asibitin da zai ɗauke ka horo. Su kira ka ganawa, kai ka faɗi waɗanda kake so, su ma su faɗi waɗanda suke so, kwamfuta ta haɗa. Wannan haɗawar ita ake kira Match, sau ɗaya ake yin ta a shekara, a watan Maris. Ranar Litinin a faɗa maka ko ka samu. Sai Juma'a a faɗa maka a wane gari. Bara an faɗa min ban samu ba, ina zaune a falo, Gwaggo da maƙwabta biyu suna tsaye a kaina da faranti na cincin. Shi ya sa bana ban faɗa wa kowa ranar ba.

A gidan Gwaggo Hasiya nake zaune a Largo, ƙanwar Abba ce. Ita ta fara jawo min sunan da ya bi ni, ba da niyya ba. A wani taron suna a Hyattsville ta ja hannuna zuwa gaban wata mata mai leshi ruwan zuma da awarwaron gwal har gwiwar hannu.

"Hajiya Sharifa, ga ɗiyata. Likita ce, a Jojiya ta yi karatu."

"Masha Allah. A Atlanta? Ƙanina ma can yake."

Na ce, "A'a Hajiya, a Tbilisi."

Ta dube ni, ta dubi Gwaggo. "Au, akwai wata Jojiyar kuma?"

Tun daga ranar na zama Likitar Jojiya daga Hyattsville har Fort Washington. Abin ya ƙara zama da gindinsa ranar da Hajiya Sharifa ta zo ƙaramin asibitin da nake aikin wucin gadi, ta same ni da shuɗin kayan aiki ina ɗora mutane a sikeli. Ta miƙo hannu na ɗaura mata abin awon jini, ta ce, "Ashe dai awo kike yi." Na ce e, jininki ya ɗan hau, likita zai shigo yanzu.

Wannan Hajiya Sharifar ita ce mahaifiyar Munzali.

Na san wasunku shi kuke jira. Munzali injiniyan kwamfuta ne a ofishin gunduma, dogo, mai gilashi, ba ya son hayaniya. Bai taɓa kira na da wancan sunan ba. Lokacin da nake shirin ganawa da asibitoci, shi yake zama a falon Gwaggo ya yi kamar shi ne shugaban sashen asibiti, ya tsuke fuska yana min tambayoyi da Turancin hanci, Kawu Muntaka, mijin Gwaggo, yana gefe yana ba shi maki. A watan Nuwamba ya yi maganar aure. Na ce ya jira Maris. Ya ce to, bai ƙara tayar da zancen ba.

Gwaggo ce ba ta iya jira. Ita ce mai dalilin aure ta wannan yanki, ta haɗa aure tsakanin Maryland da Virginia fiye da yadda zan iya tunawa. Yaran da aka haifa a nan su suka sa wa aikin nata suna, ita kuma ta karɓe shi hannu biyu. Idan ta ɗaga waya za ka ji tana cewa, "Ai ni ce mai matching, turo min hotonsa." Na yi mata bayanin nawa Match ɗin ya fi sau goma, amma a wurinta duk sunansa ɗaya, "jarrabawar nan taki".

Ranar Lahadi muna jajjagen miyar shan ruwa, don azumi ya zo ƙarshe-ƙarshe, ta kashe injin markaɗe ta juyo.

"Na yi waya da Yaya. Ya ce bana ce ta ƙarshe. In ba a dace ba, ki shiga karatun nas kamar 'yar gidan Umaru, ki zauna a ɗakinki."

"Na ji, Gwaggo."

"Kuma Hajiya Sharifa ta ce ita ba za ta turo maza neman auren yarinyar da ba ta san inda ta dosa ba. Yaron nan ya yi haƙuri. Ina son amsarki kafin Sallah, e ko a'a."

"Za ki ji kafin Sallah."

"Kullum za ki ji, za ki ji." Ta kunna injinta.

Ban ga laifin Abba ba. Amma ku fahimci abin da ke gabana: idan saƙon gobe ya ce a'a, shekara tara na rayuwata sun tashi a awon jini, kuma sunan da Hajiya ta raɗa min shi zai bi ni har jikoki.

Litinin na sa kayan aikina da farin hijabi, na tafi kamar kullum. Ƙarfe goma saura kaɗan na ce wa Constance, nas ɗin da muke aiki tare, ta riƙe min mutum biyu. Na shiga ɗakin ajiyar kaya, na tsaya tsakanin kwalayen safar hannu. Saƙon ya shigo. Layi ɗaya ne mai muhimmanci a cikinsa: "Congratulations, you have matched," wato barka, kin samu.

Na karanta shi sau biyu, na duba sunan da ke sama don in tabbatar nawa ne. Na shimfiɗa kwali na yi sujada. Ban yi kuka ba, ga masu tambaya.

Wayar ta yi ƙara. Munzali ne, alamar tambaya kawai ya turo. Ban taɓa faɗa masa ranar ba, ashe ya nemo da kansa. Na tura masa hoton saƙon. Ya amsa: "Alhamdulillahi, Dokta."

Kafin in rubuta wani abu Divya ta kira ta bidiyo daga New Jersey, inda ita ma ta zo neman horon, gashinta a hargitse, tana tsalle a kan gado. Ita ma ta samu. A ɗaya wayar da ke hannunta ina hango mahaifiyarta a Kerala tana share hawaye da gefen sari.

Divya ta ce, "Kin san abin da zan yi? Zan tura wa ejan ɗin nan saƙo."

"Ki ce masa me?"

"In ce gaskiyarsa ce, Amurka na rububinmu. Shekara uku kawai ta makara."

Sai na tuna Gwaggo. Constance na ƙwanƙwasa ƙofa, don haka na danna saƙon murya cikin sauri. Ga abin da na ce, na sake saurara daga baya don kada in yi wa kowa ƙarya: "Gwaggo, alhamdulillahi, na yi matching. Amsar e ce. Sai Juma'a za a faɗi wuri." Na jefa wayar a jaka na koma aiki.

Da yamma ina buɗe ƙofar gida na san akwai magana. Turaren wuta ya cika falo, kuma an cire batirin ƙararrawar hayaƙi an ajiye a kan talabijin, abin da Gwaggo ba ta yi sai za a yi manyan baƙi. An fito da farantan da ke cikin kabad mai gilashi. Ga ƙosai, ga kunun gyaɗa, ga farfesun kayan ciki, ga dabinon Madina da take ɓoyewa a saman firji. Ta fito daga kicin da atamfa sabuwa, ta rungume ni, ta rangaɗa guɗa a hankali saboda maƙwabta.

"Allah Ya yi miki albarka. Kin fitar da ni kunya. Maza ki hau ki sa leshin nan mai ruwan goro, suna hanya."

"Su wa?"

"Su Hajiya Sharifa mana. Wa ya fi su cancanta su ji?"

Ni kuma, Allah Ya sani, daɗi na ji. Na ce a raina ashe Gwaggo ta fi ni son a rama. Na hau na yi wanka, na sa leshin, na ɗaura kallabi, har da jan baki kaɗan.

Suka iso dab da kiran salla. Hajiya Sharifa cikin baƙar abaya mai duwatsu, ta riƙo leda mai kwalin turare. Munzali a bayanta da farar shadda da hula zanna, yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dafa kaina, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Tashi, 'yata."

Aka sha ruwa. Kawu Muntaka ya yi addu'a. Ana cikin cin ƙosai Hajiya ta goge hannu ta gyara zama.

"To alhamdulillahi, saƙo ya iso mu, mun kuma yi farin ciki. Abu ɗaya ne ban gane ba. An ce wai Juma'a za a faɗi wuri. Ai ina ganin mu ma ya kamata a tuntuɓe mu."

Na ce, "Hajiya, ai ko ni ba a tuntuɓa. Duk inda aka ce, nan ne."

"Wa zai ce?"

"Kwamfuta."

Ta ajiye kofinta. "Kwamfuta ce za ta zaɓa mana wuri? Ga babban zaure nan kusa da mu a Fort Washington, yana cin mutum ɗari uku, ga wurin ajiye mota."

"Zai iya zama Baltimore," na ce, don har lokacin ban farga ba. "Zai iya zama Ohio. Akwai ma North Dakota."

"North Dakota? Wa muka sani a North Dakota? Mutanen Kano ta ina za su bi?"

Kunu ya sarƙe Munzali. Ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa. Kawu Muntaka ya cire gilashi, ya dubi matarsa, ya dube ni.

"Hasiya, me yarinyar nan ta ce miki daidai?"

"Ta ce ta yi matching, amsar e ce." Gwaggo ta ɗauko waya. "Ga shi nan, da bakinta."

Ta kunna. Muryata ta fito a tsakiyar falon, kowa ya saurara. A nan na ji abin da Gwaggo ta ji. Mai matching ta nemi e ko a'a kafin Sallah, washegari an turo mata e.

Kawu ya fara dariya marar sauti, irin tasa ta malaman lissafi, har ya dafa ciki. Na jira ya gama. Sannan na buɗe saƙon asibiti, na miƙa wa Hajiya wayar da hannu biyu.

"Hajiya, wannan ne matching ɗin. Wani asibiti a ƙasar nan ya ɗauke ni horon likitan manya, na cututtukan ciki. A watan Yuli zan fara. Ranar Juma'a za su faɗa min garin."

Ta nesanta wayar da idonta, ta karanta a hankali, leɓenta na motsi.

"Likita sosai? Mai rubuta magani?"

"Mai rubuta magani."

"Da takardar waccan Jojiyar?"

"Da ita, Hajiya. Babu wata."

Kawu ya mayar da gilashinsa. "Hajiya, dubban likitoci ne daga ko'ina a duniya suke neman wannan layin da kike karantawa. Da yawa ba sa samu. Yau a gidan nan an samu."

Gwaggo ta zauna a hannun kujera, ta riƙe haɓa.

"Na shiga uku. Na riga na kira Zariya. Yaya har ya ce a tambayo ko bayan Babbar Sallah ya yi."

"Sai ki sake kira," in ji Kawu. "Wannan labarin ya fi wancan tsada."

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta jawo ni ta rungume, wannan karon ba guɗa. A kunnena ta ce, "Yaya zai yi kuka yau." Sai kuma ta sake ni, ta koma mai dalilinta. "To ɗaya matching ɗin fa? Ga mutane sun zo da turare."

Kowa ya juyo gare ni, ban da Munzali da ya samu abin kallo a cikin kofinsa.

Na ce, "Gwaggo, na ce a jira Maris. Maris bai ƙare ba."

Hajiya Sharifa ta miƙo min wayata. "Ni dai abin da na sani, ɗana ba zai bar Maryland ba. Shi kaɗai gare ni a ƙasar nan."

"Umma, ƙosanki zai huce," in ji Munzali.

Maza suka yi jam'i a falo, mu muka yi salla a ɗakin Gwaggo. Bayan sallama Gwaggo ta fita da waya a kunne, tana neman Zariya. Na ga Hajiya ta dafa gado tana son miƙewa, ta kasa, ta sake zama. Na yi kamar ina naɗe darduma. Ta leƙa ƙofa ta ga ba kowa, sannan ta rage murya.

"Likita."

Na tsaya. Na ba ta lokaci ta ƙarasa sunan. Ba ta ƙarasa ba.

"Wannan gwiwar ce. Tun farkon azumi, in na yi sujada sai na yi dabara nake tashi. Ban faɗa wa Munzali ba, zai ɗaga hankalinsa."

Na durƙusa a gabanta, na naɗe hannun leshina. Tambayar da ta zo bakina ita ce wadda na fara koya a Tbilisi, sai dai yau da Hausa na yi ta.

"Ina ne yake miki ciwo, Hajiya?"

Ta kama yatsana ta ɗora a wurin. Na taɓa, na lanƙwasa ƙafar, na yi mata tambayoyi, ta amsa ɗaya bayan ɗaya kamar ɗaliba. Na ce ta yi sallarta a kan kujera kafin ta ga likitanta, kuma ta gan shi cikin makon nan, don ni sai Yuli zan fara rubuta magani.

"To," ta ce. "Allah Ya kai mu Yulin." Ta dafa kafaɗata ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo. "Baltimore ɗin nan, ai ba nisa ko?"

"Ba nisa, Hajiya."

"To a yi ta addu'a."

Turaren dai ta bar shi a kan tebur, ba ta ce na mene ne ba, Gwaggo kuma ba ta tambaya ba.

Ina wanke farantan kabad wayata ta yi ƙara. Munzali ne, ko Fort Washington ba su isa ba, ina jin a fitilar hanya ya tsaya. Hoto ya turo daga wani shagon intanet: wata jibgegiyar rigar sanyi mai hula, irin wadda mutum ke shiga ya ɓace.

A ƙasa ya rubuta: "Na duba yanayin North Dakota. An ce wannan tana jurewa. Ba na gaggawa, tambaya ce kawai: baƙa ko ruwan toka?"

Na goge hannuna, na ƙara girman hoton. A kusurwar sama, inda ake nuna kayan da mutum ya riga ya zuba a kwando, an rubuta biyu, ashe har da tasa.

Ban ba shi amsa ba. Juma'a da tsakar rana asibiti zai faɗi garinsa, kuma in an ga wata, ranar ce Sallah. Na dai buɗe shafin shagon da kaina, don in ga ko suna da ruwan goro.